Na Naɗi Waƙar Niƙan Innata, Ƙawata Ta Kai Ta Rediyo

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi, da ku masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana. Kuma na roƙe ku da girman Allah, kafin ku fara zagina ku karanta har ƙarshe, domin babu zagin da za ku yi min wanda ban riga na yi wa kaina ba. Wasunku za su gane waƙar da nake magana a kai. Wanda ya gane ya yi shiru, kada ya rubuta sunanta a ƙasa. Duk sunayen da ke nan na canza su.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye kusa da Bukkuyum, ina zaune da mahaifiyata, Inna, da yayana da matarsa Hassi. Ina da ƙawa, zan kira ta Jummai. Tare muka yi sakandare a Gummi, gado ɗaya, kwano ɗaya, ita tana waƙa ni ina buga mata bokiti. Da muka gama ta tafi Kaduna wurin gwaggonta, ta shiga harkar waƙa. Shekara da shekaru tana yi wa wasu amshi a situdiyo, nata waƙoƙin kuwa ko a cikin motar haya ba ka jin su. Rannan ta kira ni tana kuka, wai mai situdiyon ya ce in waƙarta ta gaba ba ta karɓu ba zai ba wata gurbinta. Ta ce, "Ƙawata, duk abin da na rubuta kamar na kowa yake fita. Ki samo min karin waƙar tsofaffinmu, irin ta niƙa. Karin kawai nake so, kalmomin ni zan zuba nawa." Na ce to. Wace irin ƙawa ce za ta ji wannan kukan ta ce a'a?

Ga inda laifina yake. Inna har yau ba ta yar da dutsen niƙanta ba, ta ce garin inji ƙarnin ƙarfe yake yi. Kuma in tana niƙa tana waƙa, amma akwai wata waƙa guda da ba ta yin ta sai ta tabbatar babu kowa a gidan. Ɗanta na fari, babban yayanmu Bello, ramin haƙar zinariya ne ya rufta da shi tun ina 'yar ƙarama. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Har ya koma ga Allah Inna ba ta taɓa cewa "Bello" da bakinta ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". To a cikin wannan waƙar take kiransa. Ni ma sau biyu kacal na taɓa jin ta, ta bayan katanga. Ranar wani suna a maƙwabta, da hantsi, kowa ya tafi can, na ce wa Inna ni ma na tafi, na kunna naɗar murya a wayata na tura ta ƙarƙashin faifai kusa da dutsen, na fita. Da na dawo na saurara, sai da na zauna a ƙasa. Tana cewa: Bello, yau ni kira ka, kunya ta hana ni kana da rai, rami ya kira ka ka amsa mai. A tsakiya muryarta ta karye, ta yi shiru, sai ƙarar dutse kawai, sannan ta ci gaba. Ya kamata in goge a take. Ban goge ba. Na tura wa Jummai, na ce, "Amana ce. Kari kawai, kada ki taɓa kalma ɗaya, balle sunan." Ta ce, "Haba ke kuwa! Inna ai uwata ce. Wallahi ko kunnen mai situdiyo ba zai ji ba."

Wata huɗu bayan nan ina kan acaɓa zan je kasuwar Bukkuyum, sai na ji daga shagon masu cajin waya: Bello, yau ni kira ka. Da kiɗa! Da ganga da fiyano, da 'yan amshi suna maimaita sunan yayana. Ba ta canza ko kalma ɗaya ba. Har wurin da muryar Inna ta karye, Jummai ta kwaikwaya, ta yi shirun nan, aka saka ƙarar dutsen niƙa a ciki, kuma na rantse ƙarar dutsenmu ce, daga wayata aka ciro ta. Waƙar ta hau ta ɗaya a jerin waƙoƙin mako na rediyo, ta zauna a can mako bayan mako ta ƙi sauka. 'Yan mata suna rawa da ita a waya, ana saka ta a biki wai waƙar soyayya ce, budurwa ce ke kiran saurayinta Bello. Jummai da ba a sani ba, yau ita ake gayyata Kano da Abuja. Na ji ta da kunnena ana hira da ita, mai gabatarwa ya ce yaya aka yi ta rubuta wannan, ta ce, "Ina zaune ni kaɗai kawai ta zo min, baiwa ce daga Allah."

Na kira ta ya fi sau ashirin kafin ta ɗauka. Na ce, "Jummai, amanar ke nan?" Ta ce, "Ke matsalarki ba ki san harkar nan ba. Na gwada nawa kalmomin, ba su zauna ba. Kuma Bello nawa ne a duniya? Wa zai sani?" Na ce, "Inna za ta sani." Sai ta yi 'yar dariya ta ce, "Inna rediyo take ji ko niƙa take yi?" Kafin mu ajiye waya, ku ji ƙarfin hali, har tana tambayata ko Inna tana da wasu irinta. Ban taɓa jin an ci amanata irin na ranar ba. Amma da wane baki zan yi ƙara, ni da na fara cin amanar wadda ta haife ni?

Inna kuwa ta ji. A gidan biki ta ji, tana zaune cikin mata ana rabon tuwo, aka saki waƙar a lasifika, yara suka tashi rawa. Aka ce miƙewa ta yi, ko takalmi ba ta tsaya nema ba, ta taho gida. Mata biyu da suka san Bello suka bi ta da kallo, kafin la'asar magana ta zaga gari, wai ashe tsohuwa tana kiran sunan ɗan fari har ta sayar wa mawaƙa. Tun ranar ba ta sake taɓa dutsen ba, Hassi ke kai niƙa inji. Biki ba ta zuwa, suna ba ta zuwa. Abinci sai an yi da gaske.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, Inna ta ɗora laifin a kan Hassi. Hassi ce ke wuni a gida, tana da babbar waya, kullum tana ɗaukar hoto. Yarinyar nan ta yi rantsuwa har ta gaji, ta yi kuka, ga ta da tsohon ciki, Inna ko gaisuwarta ba ta amsawa. Yayana ya rasa bayan wa zai bi, har ya fara yi wa matarsa wani irin kallo. Ni kuwa ko a mafarki Inna ba ta kawo ni. Shekaranjiya ta kira ni ɗakinta, ta riƙe hannuna ta ce, "Ɗiyata, ke ɗai kir rage min da nika yarda da ita. Mi niy yi ma yarinyag ga da za ta tone ni gaban duniya? Wanda duk yay yi min wanga abu, ban yafe ba, sai mun tsaya gaban Allah." Ina zaune ina gyaɗa kai kamar mutuniyar kirki.

Yanzu Inna ta aika wa ƙanenta, Kawu, da ke Anka. Zai zo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, da Alƙur'ani, kowa a gidan ya dafa ya rantse. Inna ta ce ni ba sai na dafa ba, amma Kawu ya ce kowa da kowa. In na rantse, na yi ƙarya da littafin Allah kuma Hassi ta ci gaba da ɗaukar kayan da ba nata ba. In na faɗi gaskiya, na ji da kunnena abin da Inna ta ce game da wanda ya yi, kuma ban san ko zuciyarta za ta ɗauki jin cewa ni ce ba. Yau Laraba. Jama'a, don Allah, me zan yi?