Takwas Ɗin da Kika Lotsa

Mdantsane, ranar Lahadi bayan coci.

Zuwa ga yayata, Sisi Zoliswa,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga yayarsa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Bawo Sipiwo da yara. Ubangiji ya tsare ku a wannan ƙasa mai sanyi, ya ba ki ƙarfin tsayuwa a kan marasa lafiyar da kike jinya. Mu nan lafiya lau muke. Matata Nosisa ta samu sauƙin ciwon bayan da na gaya miki, har ta koma taron matan coci na ranar Alhamis, ta kuma koma yi mini faɗa, wanda shi ne alamar ta warke sarai. An yi ruwa sosai bana, kabewar bayan gida ta haura katanga ta shiga gidan maƙwabta.

Na san za ki ce me ya hana ni kiran waya. Sisi, a waya ba kya barin mutum ya kai aya. Da na ce Mama, sai ki ce a ƙara mata magani kaza, a rage kaza, ga ki can za ki shiga aiki, za ki zo Disamba. Disambar nan taki kuwa ta fi wutsiyar raƙumi nisa da ƙasa. Shi ya sa na zauna na rubuta, don takarda ba a katse ta. Maganar ita ce, Mama tana ta tafiya alhali tana zaune a gabanmu. Sunaye suna zube mata ɗaya bayan ɗaya. Na Nosisa ya daɗe da tafiya, nawa ya bi shi tun kafin Ista, yanzu ni ne yaron nan mai warin fenti. Naki ne bai faɗi ba tukuna.

Bari in ba ki labarin abin da ya faru. Gyambon ƙafarta na ciwon suga ya ƙi rufewa, aka ce dole a riƙa kai ta asibiti wanki. Ta ce atafau, ba za ta shiga motar da ba ta sani ba. Wai ita matar aure ce, mijinta yana da mota, don me za ta shiga ta wani ƙato mutane su gan ta. Na ce Mama ai motar ɗanki ce. Ta zagaya gaban motar tana ɗingishi, ta dubi lambar, ta ce in rufa mata baki, motar garinmu da CE take farawa, wannan kuwa ko sunan gari babu a jikinta. Limamin coci ya zo da tasa, ta ce ya gaishe da iyalinsa. Ƙafa kuma tana ta kumbura.

Nosisa ce ta tuna. Ta ce kai da kake wuni kana yi wa tsofaffin turawa fentin lambobin mota da za su rataya a bango, ta ubanka tana can tana tare wa kaji iska. Gaskiyarta. Tun da aka sayar da motar babanmu Tata, Valiant ɗin nan, ga masu gwangwan, lambar gaba tana jikin akurki, an toshe rami da ita. Na ɓamɓaro ta, duk kashin kaji da tsatsa, ko harafi ɗaya ba ya karantuwa sai an shafa da hannu.

Kin san aikina, ko da yake kullum kina ce masa wasan yara. Sai da na jiƙa ta, na goge tsatsar a hankali don kada in cinye tudun haruffan, domin in tudun ya tafi babu abin da ya rage. Na fesa mata baƙi, na bari ya bushe har ya daina kama yatsa. Farin kuma ba a sa shi da buroshi, mai buroshi hannunsa yana rawa ya zubo gefe. Ƙyalle nake naɗawa a yatsa, in dangwali fenti kaɗan, in bi kan tudun ina taɓawa, abin da ya taso shi kaɗai yake ɗauka. C ta fito, E ta fito, sai biyar, ɗaya, uku, huɗu. Da na ɗaga ta a rana, wallahi sai da na ji ƙamshin kujerun motar nan, da ke a gaba kina cin gasasshiyar masara kina hana ni. Na yi kewar Tata, na yi kewarki, har na rasa wanda na fi kewa.

Na ɗaure ta da waya a kan lambar motata a cikin gida, na fito da Mama ina ta washe baki. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce wannan ɓarawo ne ya yi ta. Na ce shi ke nan, ita ma lambar ta bi sunayenmu. Sai ta sunkuya da wannan ƙafar, ta sa yatsa a kan ukun, ta ce wane sakarai ne ya mai da takwas uku. Wai takwas ce, rabinta Zoliswa ta lotsa ranar da ta ce ta iya tuƙi ta je ta rungumi ginshiƙin ƙofa, ubanta ya fito da lulluɓin kumfar aski a fuska yana salati, ita kuma marar kunya tana cewa ginshiƙin ne ya matso. Ta yi dariya har da hawaye. Rabon da in ji wannan dariyar na manta.

Na juya lambar ta baya, ga shi kuwa, sawun rabin takwas ɗin yana nan a kwance. Ni da nake taƙama da sana'a, ban duba baya ba. Na ɗora ta a kan katako, na riƙa bugun wurin da ƙaramar guduma har tudun ya taso, na sake baƙi, na sake fari. Ashe ɓarnarki ce ta sa ni aiki biyu, kina can kina shan shayi da turawa. Washegari Mama ta ɗaura ɗankwalinta na zuwa coci, ta karanta lambar da ƙarfi, ta buɗe ƙofa da kanta ta shiga. A bakin titi nake tsayawa in kwance ta in ajiye a gaban gilashi, kada 'yan sanda su yi mini karatu. Ƙafar tana rufewa yanzu, mun gode Allah.

Amma ga inda na kasa, Sisi. Duk ranar da muka dawo daga asibiti ba ta sauka. Sai ta rungume jakarta ta ce ai ba mu ɗauko Zoliswa ba, yarinya tana can tana jira, ubanta ba ya son a bar ta a tsaye. In na ce gobe, ta ce jiya ma haka na ce, kuma gaskiyarta. Wani lokaci har abinci Nosisa take kai mata cikin mota. Na iya tayar da ƙarfen da ya lotse, wannan kuwa ba aikin guduma ba ne.

Ranar Juma'a ta ce mini in tada mota mu je mu ɗauko yarinyar nan. Sai ta tsaya. Bakinta yana motsi, tana kallon hannuwanta, tana neman sunan. Ni kuma na riƙe sitiyari na ƙi taimakonta, ina roƙon Allah a zuci. Can ta ce Zoliswa. Ta same shi, Sisi, wannan karon ta same shi. Ba zan ce miki ki bar aikinki ba, na san bakuna nawa suke ci daga hannunki, har da nawa. Amma an ce da zafi-zafi ake dukan ƙarfe, kuma ban ga alamar sunan naki zai kai Disamba a bakinta ba. Ki nemi hutu ko na mako ɗaya ne, ki faɗa mini ranar, zan zo filin jirgi da ita a kujerar gaba.

Ki gaishe mini da Bawo Sipiwo, ki ce ina nan ina jiran hular da ya yi mini alkawari. Ki shafa mini kan Liyema da Onke, ki ce kawunsu yana tambaya ko har yanzu suna jin yarenmu. Nosisa tana gaishe ki, haka Anti Nomhle ta gidan kusa. Na ce wa Mama ina rubuta miki takarda, ko tana da gaisuwa. Ta ce a'a, ba a aika wa wanda ake hanyar ɗaukowa gaisuwa.

Ni ne ƙanenki mai kewarki,
Lungelo