Abin da Apolonia Ta Damƙe a Hannu

Dinbari, Simbu.
Talata, mako na biyu na watan Yuli.

Zuwa ga Yaya Filomena,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina roƙon Ubangiji Yesu, da addu'ar uwarmu Maryamu, wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Anton da 'ya'yana Klara da Benedik. Yaya gwiwar nan taki? Na san halinki, ko tana ciwo sai kin tsaya kina ɗaga tsofaffin Turawan gidan da kike aiki, kina cewa ba komai. Ki ji tsoron Allah ki riƙa hutawa. Mu nan da sauƙi. Kofin gonarmu ya nuna sosai bana, har rassa na karyewa. Autana Alois ya zubar da haƙoran gaba biyu, yana yawo yana nuna wa kowa giɓin. Yayarsa Rosina kuma ta haddace addu'o'inta kaf, watan gobe za ta fara karɓar Jikin Ubangiji, gurasar nan mai tsarki, in Allah ya kai mu. Babansu yana can gonar kwakwar manja a Kimbe, tun Ista ba mu ji muryarsa ba, amma wanda ya gan shi ya ce lafiyarsa ƙalau.

Yaya, na san kin kira wayar katikis, malamin cocinmu, har sau huɗu, kuma na san ya ce miki ina gona. Ba na gona. Ina zaune kusa da shi ina girgiza masa kai. Na san abin da za ki tambaya, don an ce hoton bidiyon nan ya zaga har wurinku a Townsville, kuma bakina ba zai iya ba ki amsa ba. To ga amsar a rubuce: ƙwarai, yaron da kika gani riƙe da ƙarfe a bakin wuta ɗana Kawage ne, ɗanki da kika goya. Idonki bai yi miki ƙarya ba. Sai dai mai ɗaukar hoton ya gudu kafin ƙarshe, don haka bari in faɗa miki daga tushe.

Kin tuna Gende, ɗan Dirua yayan mijina, wanda suka tashi tare da Kawage, kwanonsu ɗaya, wandonsu ɗaya. Zazzaɓi ya kama shi, kwana tara ya rasu. Nas ta faɗa a gaban kowa cewa taifod ne, daga ruwan rafin da aladu ke shiga. Amma kin san mutanenmu, saurayi ɗan shekara ashirin da biyu ba ya mutuwa haka kawai, sai dai an cinye shi. Muka shafa laka a fuska da hannuwa, muka zauna makoki, kowa na kuka yana satar kallon na kusa da shi, a ga wa ya yi kuka sosai, wa ya tashi ya ci abinci. Da aka binne shi samari suka kafa bukka a bakin kabarin, da adduna da gatura, suna gadi kada mayya ta zo ta ɗauke zuciyarsa. Kawage na cikinsu. Kwana uku bai shigo gida ba, ba abin da ke shiga cikinsa sai wiwi da giyar da suke dafawa a tukunyar gas. Na je na kira shi, ya ce in koma ga carbina, wannan maganar maza ce.

Sai Juma'a ta zo. Tunda Fada, limamin cocinmu, sau ɗaya yake hawowa a wata, Apolonia ce ke kai wa marasa lafiya Jikin Ubangiji duk Juma'a, ni kuma ina raka ta da kyandir. Apolonia dai da kika sani, matar marigayi Kua, uwar baftismar Kawage, wadda ba ta da ɗa namiji ko ɗan'uwa a garin nan da zai tsaya mata. Da safe ta leƙo ta ce in tashi mu je wurin tsoho Umba, an ce numfashinsa ya fara sama-sama. Na dube ta, na ga ta wanke lakar makoki tas, ta sa farar rigarta. Na ce Apolonia kin haukace ne, kwana uku da binne yaro kin wanke fuska? Ta yi dariya ta ce to da wace fuska za ta ɗauki Ubangiji, da fuskar alade? Ta ce Gende ya riga ya tafi, Umba kuwa yana bakin hanya, shi ya fi bukatar guzuri. Yaya, a nan na yi abin da zan shiga kabari ina jin kunyarsa. Na ce mata kaina na ciwo. Tsoro ne kawai, ban so a ga fuskata a wanke. Ta tafi ita kaɗai, kuma hanyar gidan Umba guda ce, ta gefen maƙabarta.

Ina cikin haƙar dankali ni da Rosina na ji kira na tsallakowa daga tudu zuwa tudu, wai an kama ta, an kama mayyar da zuciyar a hannu. Na yar da sandar haƙa, na ce wa Rosina ta ruga gidan Mama Agata, shugabar zumuntarmu ta mata, ta ce a buga ƙararrawa. Ni kuma na sheƙa. Kafin in isa filin kasuwa ƙauri ya tare ni a hanya. Mutum ya fi ɗari uku, har da yara a kan wuyan iyayensu. Sun tuɓe Apolonia, sun ɗaure ta ta ƙugu a tirken da ake ɗaure aladun biyan diyya, sun hura wuta da tayar mota, rodi uku a ciki sun yi jawur. Sun riga sun ƙona ta a cinya da baya da ƙarƙashin nono. Hannunta na dama a dunƙule yake kan ɗan gwangwanin tagullar nan da ake sa Jikin Ubangiji, ta manne shi a ƙirji. Dirua na tsaye a kanta da adda yana cewa ta buɗe hannu ta mayar wa ɗansa zuciyarsa. Ita kuwa abu ɗaya take maimaitawa, wai hannunsu ba tsarki, ba za ta ba su ba. Kin ga kuwa kowace kalma tata ƙara musu tabbaci take yi. Sun daki yatsun da bayan gatari har biyu sun karye sun juya baya, sauran ukun ba su saki ba.

Sai idona ya sauka kan mai zaro rodin daga wuta yana miƙawa. Yaya, na haifi yaron nan a kan ganyen ayaba a bayan ɗakin Mama, kina riƙe da kaina, amma sai da na dube shi sau biyu kafin na gane shi. Ido ja, baki a buɗe. Na kira shi da sunansa na baftisma, na ce Yohanes, wannan ce matar da ta riƙe ka a gaban Fada ranar da aka zuba maka ruwa. Ya ce in matsa, yau ba shi da kowa sai Gende. Na rantse miki, da ya ɗora mini ƙarfen da ya fi mini sauƙi.

Ana haka matan zumunta suka iso, su goma sha huɗu, wasu da goyo, suna jan carbi da ƙarfi, Mama Agata a gaba tana haki. Kin san bakinta. Ta ratsa samarin tana ture su da ƙirji, tana kiran kowa da sunan uwarsa. Ta nuna wani mai suna Waine ta ce ba ita ta wanke masa kashi ba ranar da ya ɓata wando a ajin katikis, yau shi ne namiji? Ta ce da maza ne su, da sun je sun kori aladu daga rafi, ba su taru su ɗari a kan gwauruwa ɗaya ba. Wasu suka sunkuyar da kai. Muka kewaye tirken, na durƙusa na rufe Apolonia da zanena. Na ce mata ni ce, Walburga, ki ba ni. Ta buɗe ido ɗaya, don ɗayan ya kumbura ya rufe, ta tambaye ni ko kan nawa ya daina ciwo. Sannan ta saki.

Na miƙe na buɗe murfin, na ɗaga sama don kowa ya gani. Farar gurasar nan ce guda ɗaya, wadda kusan duk wanda ke filin ya taɓa buɗe baki ya karɓa. Wata tsohuwa ta durƙusa ta yi alamar gicciye. Na ɗauka an gama, ashe da saura. Waine ya yi tsalle ya ce ai haka mayu suke, juyar da zuciyar ta yi ta koma gurasa, a jefa a wuta, in nama ne za a ji ƙauri. Aka ɗauki ihu, a jefa, a jefa. Dirua ya miƙo hannu. Yaya, ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Abin da aka koya mana ke nan tun muna 'yan mata, in ka ga za a wulaƙanta shi, ka cinye shi. Na ɗauka na sa a baki na haɗiye, da laka a fuskata, ko amin ban ce ba.

Ba sai na faɗa miki yadda abin ya zama a idonsu ba. Wata ta ƙwala ihu ta ce ta cinye zuciyar, ashe su biyu ne. Dirua ya kawo mini sara. Na kauce, addar ta ɗauke mini saman kunne ta sauka a kafaɗa, jini ya wanke mini riga. Ya ɗaga zai ƙara, sai na ga addar a ƙasa, shi kuma yana birgima riƙe da hannu. Kawage ne ya maka masa jan rodin a tsintsiyar hannu, baffansa, a gaban dangi duka. Daga nan aka kaure da duwatsu da sanduna. An fasa wa Mama Agata baki, amma ba ta daina zagi ba. Cikin hargitsin muka yanke igiyar, muka naɗe Apolonia a zannuwa, mu shida muka ɗauke ta zuwa titi, motar mishan ta kai mu asibiti. Ni ɗinki goma sha ɗaya aka yi mini. Ita tana raye, amma hannun sai da aka rage shi, kuma Fada ya ce ba za ta sake taka Dinbari ba, sistocin coci za su ɓoye ta a inda ko ni ba a gaya mini ba. Umba ya rasu ranar Asabar bai sami guzurinsa ba, kuma an ce wannan ma mu ne.

Kowa ya ce kada in koma gida. Na koma, don ina zan kai Rosina da Alois, kuma wa zai tsinke kofi? Tun ranar ba wadda ta shigo ɗibar wuta a gidana. Na kai ganye kasuwa na dawo da shi yadda na kai. An hana yaran maƙwabta karɓar ko rake daga hannun Alois, don kin san dokar, ba a cin abin hannun mayya ko na gidanta. Kawage kuwa ya zo ya zauna kan kututturen da ke ƙofar gida, adda a kan cinya. Kullum na dafa dankali na ajiye a gefensa, kullum kaji ne ke ci. Kwana shida ana haka. Ban sani ba, Yaya, ko tsare ni yake daga mutane, ko tsare ni yake kada in gudu kafin su gama shawara. Ni ce yau nake leƙen bayan ɗana ta ɓarakar ƙyaure ina jin tsoronsa. Na yi ta roƙon Maryamu, na ce ke ma uwa ce, naki an kashe shi ba laifi, nawa yana raye da ƙaurin naman mutum a hannu, ki faɗa mini wanne ya fi ciwo. Na san maganar ba ta dace ba, zan kai ta gaban Fada.

Jiya da hantsi Dirua ya zo, hannu a naɗe, da maza kusan ashirin. Suka tsaya a bakin shinge. Ya ce wa Kawage shi jininsu ne, ɗan ƙaninsa, an yafe masa dukan, abin da ake so kawai ya tashi daga ƙofar nan ya ɗan zaga ya sha iska. Ina ciki na tura yaran ƙarƙashin gado. Na ga ɓuya ba ta da amfani, na zaro dankali daga toka na fito, na ce in mutuwa ce ta same ni ina aikin uwa. Na ɓare shi na miƙa wa Kawage da hannuna. Ya daɗe yana kallon hannun. Sannan ya karɓa, ya juya ya fuskanci baffansa, ya cinye shi a hankali har ya lashe yatsa, ya ce Mama akwai saura? Waine ya tofar da yawu, suka juya ɗaya bayan ɗaya. Daga jiya duk sunan da suka kira ni da shi, shi ma nasa ne, kuma ya san da haka kafin ya kai dankalin baki.

Ban ce miki an gama ba. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma ban manta abin da ya yi ba, shi ma ba zan bar shi ya manta ba. Na gaya masa sai ya je gaban Fada, kuma in 'yan sanda suka hawo nemansa, ni da kaina zan raka shi. Bai musa ba. Roƙona gare ki, ki sa a yi addu'ar Mas domin Apolonia a cocinku, ki kuma sa sunan ɗanki a ciki.

Ki gaishe mini da Anton da kyau, da Klara mai sunan Mama, da Benedik, da Inna Sabina in kin leƙa ta. Rosina da Alois suna gaishe ki, haka Mama Agata da katikis. Kawage bai aiko gaisuwa ba. Ɗazu ya tsaya a ƙofa ya tambaye ni yatsu nawa aka yanke mata. Na ce biyu. Ya koma kan kututturen ya shimfiɗa hannunsa na dama a kai, yana kallonsa. Kin tuna hannun Kaka, yadda take datse gaɓar yatsarta duk ɗan da ta binne. Zan ajiye biro a nan in je in karɓi addar.

Ni ce ƙanwarki mai kewarki kullum,
Walburga Mondo