Hoton Hadiza a Bakin Kwalekwale

Zuwa ga ƙanena Bello,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ka yi haƙuri da na dame ka da takarda, na san aiki bai bar ka ka huta ba.

Hoton da ka ba direban motar Yawuri ya iso nan Badariya ranar Talata. Na gode da ka karɓi ɗiyata Hadiza hutu. Na ga gidanku a bakin tafki, na ga tabarmar da kuke shimfiɗawa ranar Asabar kuna gasa kifi. Wuri ya yi kyau, ma sha Allah. Sai dai na gan ta zaune a bakin kwalekwale, ƙafa ɗaya cikin ruwa, tana dariya. Tun ranar abinci ba ya shiga mini.

A bayan hoton ka rubuta wai kada in damu, jinin Argungu ce, da gora kake koya mata iyo yadda aka koya maka.

Bello, a gulbi aka koya maka. Ka tuna Baba, Allah ya jiƙansa. Kafin ya bar ku ku faɗa ruwa sai ya soka gwangwala, ya ji ta taɓa ƙasa, ya ɗago ya duba inda ta jiƙe. In ruwan ya wuce ƙirjinka sai ya ce, "Yau ba wanka, ku koma tudu." Ka sha kuka kan haka, ni ke rarrashinka.

Wannan ruwan naku kuwa ba gulbi ba ne, madatsa aka gina aka tare shi. An ce akwai tsofaffin garuruwa a ƙasansa, da itatuwa tsaye da rassansu, kuma iska kan taso ba sallama. Ban taɓa ganinsa ba, in na faɗi ba daidai ba Allah ya yafe mini. Amma na duba hoton nan lungu-lungu, ban ga gwangwala ba.

Ban ce ka hana ta jin daɗi ba. Ta zauna inuwa, ta ci kifi, ta jiƙa ƙafa a gaɓa. Ita kaɗai Allah ya bar mini, ka sani, kuma ba za ta iya ce wa kawunta a'a ba.

Allah ya tsare ku, ya raya muku zuri'a.

Direban zai komo ranar Juma'a. Don Allah ka ba shi amsa, ko layi biyu ne. Ka soka gwangwala a wurin, ka gaya mini ta taɓa ƙasa ko ba ta taɓa ba.

Yayarka,
Asma'u