Mai Ƙirga Kifin Zubarwa

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da iyali da duk mutanen Yauri. Mu nan Manchester alhamdulillahi. Jikana Abba ya warke daga mura, ni ce dai gwiwa ta matsa wa. Ɗiyata Maryam kuwa cikinta ya tsufa, kuma saboda ita na ɗauki biro.

Ka san mahaifinta ya sa ta boko don ta rabu da ƙarnin kifi. To, ka ji digirin nata. Tana bin jirgin masu kama lobster, wani abin teku mai kama da kunama. In kifi ya faɗa tarkonsu, ba shi suke so ba, sai su watsar. Aikin ɗiyarka shi ne ta auna shi, ta rubuta, ta mayar ruwa. Wai da haka za a ƙiyasta yawan wanda ake zubarwa. Abin da za mu shanya mu ci har damina.

Yanzu wai za ta koma teku da wannan cikin, don GP, likitanta na nan, bai hana ba. Mijinta yana Birmingham, na kira shi, ya ce min "Mama, research ne." Wai bincike. Ka ji namiji.

Kai kaɗai take jin maganarka. Ka tuna mata Baba ya tsufa a ruwa, bai taɓa ɗaukar mai tsohon ciki zuwa kamun kifi ba. Ranar Laraba za ta tafi, ka amsa min kafin nan. Ku sa mu a addu'a, a gaida Inna Kulu.

Ƙanwarka,
Hauwa