Kada a Kashe Akwati Mai Lamba 214

Zuwa ga:
Mai Girma Shugaban Kwamitin Jin Ra'ayin Jama'a kan Rufe Ƙananan Gidajen Waya,
Zariya.

Daga:
Othniel Sati,
Muchia, Sabon Gari.

6 ga Mayu, 2024

Game da: Rufe ƙaramin gidan waya na layinmu da taron da aka ce an yi da mu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ne mai riƙe da makullin akwati mai lamba 214, wanda marigayi mahaifina ya kama tun yana koyarwa. Ban saba rubuta wa manya ba, sakandare kawai na gama. Ina roƙon a yi haƙuri da ni.

1. Ranar Litinin, 22 ga Afrilu, na je duba akwati na tarar da kwaɗo a ƙofa. An manna takarda cewa jama'a sun amince da rufewar a taron da aka yi ranar 14 ga wata. Ni jama'a ne, ban ji labari ba.

2. Da na bincika, aka ce an yi sanarwa a waya, ta zaurukan sada zumunta. Ranka ya daɗe, masu akwatunan nan yawancinsu tsofaffin malamai ne, da ma'aikatan coci, da mutanen ƙauye da ke aron adireshin ikkilisiyarsu. Wanda ke da babbar waya me zai zo nema a akwati?

3. Ranar 14 ɗin nan Lahadi ce, kuma da safe aka zauna, daidai lokacin sujada a coci. Duk wanda ya taɓa zama a Sabon Gari ya san inda muke a wannan lokaci. Kuma a Samaru aka yi taron, ba a nan ba. Na ga hoton: ɗalibai ne, kowa da kwalbar lemo a gabansa. Ban gane fuska ko ɗaya ba. Ban ce da gangan aka zaɓi ranar ba. Amma dai wani ne ya zaɓe ta.

4. Maƙwabcinmu Julius, kafinta, ya faɗa mini cewa tun farkon Afrilu aka kai shi ya auna ɗakin gidan wayar don kafa kantocin shago. Ya ce ba ruwansa, aiki aka ba shi. In haka ne, me aka je tambayar jama'a?

5. Abin da ya fi damuna shi ne wannan. Yayana Mordecai ya tafi kudu neman aiki bayan wata hatsaniya da mahaifinmu, bai dawo ba. Lambarsa ta daina shiga. Mun tashi daga gidan da ya sani a Jushi, wayar Baba kuma ta bi Baba. Sau biyu ya taɓa rubutowa, duka ta wannan akwati, ba tare da adireshi ba. Bai ma san mahaifinmu ya rasu ba. In ya sake rubutowa, ina wasiƙar za ta sauka?

Don haka ina roƙon mai girma shugaba da a sake taron a Sabon Gari, a ranar aiki, a sanar da shi a coci da masallaci. A kuma bayyana mana wanda aka ba ɗakin, da ranar da aka ba shi. In rufewar ta zama dole, a mayar da akwatunan babban ofis da lambobinsu yadda suke, kada a sauya ko ɗaya.

Mahaifiyata, Lydia, tana fama da ƙafa, shi ya sa nake zuwa a madadinta. Har yau ban gaya mata an rufe ba. Nakan fita da makullin in dawo in ce babu komai, ita kuma ta ce to, wani satin. Ƙafar ta fara sauƙi, jiya ta ce da kanta za ta je. Ina roƙon amsa kafin ta je.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Naka mai biyayya,
Othniel Sati