Baba, Kogin Nan Dai Yana Komawa Baya

Assalamu alaikum Baba, Malam Idi na Mawashi. Bayan gaisuwa irin ta 'ya da mahaifi, da fatan Allah Ya haskaka makwancinka, na rubuto ne in sanar da kai cewa shari'arka da Malam Sale ta ƙare, kuma kai ka ci.

Ka tuna farkon zuwana aikin jinya a Limerick, a ƙasar Ireland, ko gaisuwa ba ka bari mu gama sai ka ce, "Uwata, an yi ruwa?" In ce an yi. Washegari ka sake tambaya, in ce an yi. Da muka kai wata huɗu a haka, ku kuna tsakiyar rani, sai ka ce a waya, "To su mi suka yi wa Allah da mu ba mu yi ba?"

Laifina ne da na ba ka labarin kogin. Sunansa Shannon, ya ratsa tsakiyar gari, kuma duk ƙasar babu mai tsawonsa. Na faɗa maka da safe na wuce kan gada na ga duwatsu a fili, ruwa na gangarawa. Da na taso aiki duwatsun sun ɓace, ruwan kuma ya juyo yana hawa inda ya fito. Ranar nan da gudu na isa gida, jakata a ka, don na zaci ambaliya ce.

Kai kuwa ka kwashi maganar ka kai majalisarku ta ƙarƙashin dalbejiya ran kasuwar Kusada. Amininka Malam Sale, da kuka yi shekara hamsin kuna musu, ya ce tun da yake zuwa fatauci bai taɓa ganin ruwan da ya yi mantuwa ya koma ɗaukowa ba. Ya ce ko dai sanyi ya taɓa kan ɗiyarka Binta, ko kai ne ka ƙara gishiri. Aka yi maka dariya. Ka kira ni ranka a ɓace ka ce, "Ki ɗauko mani shi cikin waya, in toshe bakin Sale."

Na ce to. Aiki ya yi yawa, na ce sai an kwana biyu. Kwana biyun ne suka zama wata bakwai, har ƙanena Aminu ya kira ni ya ce an kai ka. Ban samu ko jana'iza ba, Baba.

Watan jiya na ɗauki hutu don wannan aiki kaɗai. Na fara da neman sani wurin wani tsohon masunci da nake jinya, Michael, ni dai Mika'ilu nake ce masa. Shi ya warware mini: teku ce. Kogin a nan ya kusa isa gare ta, ita kuwa sau biyu tsakanin dare da rana take cika ta turo ruwa ciki, sannan ta janye. Ya ce ta wannan hanyar wasu mayaƙan jirgin ruwa daga arewa suka shigo, shekara sama da dubu, suka kafa garin a kan tsibiri. Suka zo kwasar ganima, suka ɓuge da aure da kasuwanci. Daga baya wani sarkin Ingila ya sa aka gina ƙatuwar ganuwar dutse a bakin ruwan, tana nan har yau, shi kuwa ko sau ɗaya bai kwana a ciki ba. Na ce da kai ne, da ka mai da ita rumbu ka zuba gero.

Akwai kuma wani dutse a tsallaken gada da suka ɗora a kan dakali, wai a kansa aka sa hannu a takardar sulhu bayan wani yaƙi. Ba a jima ba aka karya alkawarin, amma dutsen ana ta ɗaukar hoto da shi. Shanunsu kuwa, Baba, gara da ba ka gani ba. Ciyawa kore shar shekara duka, saniya ta ƙoshi har ta kwanta tana kallon mota, babu makiyayi. Maciji ko ɗaya babu a ƙasar.

Na je bakin ganuwar da lema da burodi. Dabarata in jefa burodin a ruwa ina ɗauka da waya, a ga inda zai nufa. Ban yi shawara da wasu fararen tsuntsaye masu dogon wuya ba, kamar dinya amma sun fi ta girma da rashin kunya, kuma doka ta hana a taɓa su. Jifa na farko, ɗaya ta haɗiye hujjata. Na biyu ma haka. Da na ɓoye ledar burodin, ta fito tudu tana huci ta biyo ni. Iska ta juye lemar, ɗiyarka ma'aikaciyar jinya tana gudu tana salati, duk wayar tana ɗauka. A ƙarshe da reshen itace na yi aikin, safe da la'asar, ganuwar na bayansa don kada a ce na juya waya.

Na tura wa Aminu abin da na ɗauka, ya kai majalisa. Ya ce wurin tsuntsuwar sai da aka maimaita sau biyar, har mai shayi ya bar tukunya. Malam Sale bai yi dariya ba. Ya karɓi wayar, ya kalli reshen nan yana hawa sama, ya sake kallo. Sai ya goge ido da bakin rawani ya ce, "Idi ya yi gaskiya. Ku ce wa Binta ta yafe mani, tunda shi ya tahi bai jira na faɗa mashi ba."

Na yafe masa a madadinka. Ni ma ka yafe mini jinkirin da na yi.

Allah Ya jiƙanka, Ya yalwata kabarinka, Ya sanya ka a gidan da ƙoramu ke gudana ƙarƙashinsa, Ya haɗa mu a can. Amin.

Ɗiyarka mai kewarka,
Binta