Akwatin saƙon Malam Idi na amsawa

Tabotaki, daren Laraba

Kwana tara ke nan da rasuwar Malam Idi. Don sabo kawai na kunna rediyo, na jona modem da ordinatar, wato kwamfuta, na rubuta masa sallama zuwa garinsu, Keita. Modem ya mai da rubutun ƙara, ya tura ta rediyo. Sai ga amsa a allo: "Idi na gona, bar saƙo." Ashe ba wanda ya kashe akwatin saƙonsa, pano mai aiki da hasken rana na ta ba shi wuta.

Na kira matarsa. Ta ce mini, "Mushe, ƙugin akwatin nan na tsorata yara. In cire wayar?"

Na roƙe ta ta bari sai an yi arba'in. Na koma na rubuta masa cewa gerona ya fidda kai.